Sunan Da Kakana Ya Kasa Faɗa

Ranar da aka fitar da kayan Baba Na-ƙofa daga ɗakinsa, ina tsaye a bakin zaure da bokitin wanki a hannu. Kayan ba su da yawa: tabarma, buta, akwatin ƙarfe da tsatsa ta ci, sai gammon da ya tsufa yana ɗora kayan mutane a kansa. Baffa Bubakar, ƙanin mahaifina, shi ne ya tsaya a kan magina yana nuna musu inda za su fasa bango su fitar da ƙofa ta bakin titi. Shago za a yi. Mai ɗakin kuwa yana zaune a dakali yana kallo, kamar ɗakin wani ake fasawa.

"Zaure ya hi iska," in ji Baffa, ba tare da ya dube shi ba. "Ɗakin ga zahi gare shi, ga ka da tari. Taimakonka munka yi."

"Na gode," in ji tsohon.

Godiyar nan ta fi fasa bangon ƙona mini rai.

Sunansa Yahaya, amma a gidanmu na Jibiya ba mai kiransa haka. Tun da na buɗe ido na gan shi a ɗakin da ke jikin ƙofar gida, kuma kakana marigayi Malam Kalilu "na ƙofa" yake ce masa. A kai ma na ƙofa tuwo. A duba ko na ƙofa ya dawo. Dako yake yi a bakin boda ta Magama, yana sauke buhuna daga motocin Maraɗi yana ɗora wa na Katsina. Matarsa ta rasu da daɗewa, bai samu haihuwa ba. Muna yara Baba muke ce masa, shi ke sayo mana rake. Sai bayan rasuwar Kaka na fara jin ana ce masa mutumin Nijar da Malam ya taimaka ma.

Da yamma na sami mahaifina, Alhaji Nasiru, yana shan fura, na durƙusa.

"Abba, Baba Na-ƙofa ba yayanku ba ne?"

Ya ajiye ludayi. "Mene ne sunanki?"

"Nafisa Nasiru Gangara."

"To. Ni Nasiru Kalilu Gangara, Baffanki Bubakar Kalilu Gangara. Shi fa? Yahaya Kalilu, na Madarumfa. Kalilu nawa ne tsakanin nan da Maraɗi? Na girma a gaban Baba, ban taɓa jin ya ce mashi ɗa ba. Ko sunanshi ban taɓa ji a bakinshi ba. Tabarma ɗaya ba su taɓa zama ba. Mu kuwa har kan cinya yake ɗora mu. Tashi ki ba ni wuri, malamar firamare ba alƙali ba ce."

Na tashi. A gidanmu idan Abba ya ambaci aikina, magana ta ƙare ke nan.

Zauren da aka ce ya fi iska, nan Baffa yake ajiye babura da jarkokin fetur. Tsohon ya shimfiɗa tabarmarsa tsakanin taya da bango, yana kwana yana shaƙar wari. Tarin da ake cewa saboda shi aka taimake shi ya ƙaru, har daga ɗakina ina jinsa. Dama tun lokacin da aka rufe boda aikinsa ya tsaya, ya zauna watanni ba ɗauka ba saukewa. Da aka buɗe kuma gwiwoyinsa suka ƙi. Ya gwada fita, aka dawo da shi a bayan babur, buhun masara ya kayar da shi. Daga ranar kwanonsa ya fara raguwa. Ba wanda ya ce a rage, kawai in an zo rabon tuwo nasa ne na ƙarshe, miya kuma ƙasan tukunya.

Na yi wa Ummana magana, ta ce, "Ni aure ya kawo ni gidan nan, Nafisa. Abin da aka auno shi nake dafawa." Sai dai na lura takan rage nata ta tura mini in kai masa, in Abba ba ya nan.

Wata ranar Juma'a wani tsohon direba mai suna Ya'u ya zo gaishe shi. Ina kawo ruwa na ji yana cewa, "Yanzu gidan Kalilu Yahaya aka yi maka haka?"

Na tsaya da kofi a hannu. "Baba Ya'u, wane ne Kalilu Yahaya?"

"Kakanki mana. Da sunan nan munka san shi a tasha. Gangara daga baya ta zo."

"Me ya sa ya canza?"

"Wa ya sani? Ina yaron mota sa'an nan. Rana guda dai munka ga ya bar amsawa."

Na ce ko zai maimaita wannan a gaban Abba. Ya shafa gemu, ya dubi jarkokin fetur, ya ce shi direba ne, bai ga haihuwar kowa ba. Ɗansa ne ke jan motar Abba, na san da haka, shi ma ya san na sani.

Bayan ya fita na zauna a gefen tabarma. "Baba, Malam Kalilu mahaifinka ne?"

Ya daɗe yana murza gammonsa kafin ya ce, "Shi ya haihe ni."

"To me ya sa ba ka magana? Gidan nan kana da rabo a ciki."

"In ce mi, ɗiyata? Shi bai hwaɗi ba, ni zan hwaɗi? In tsaya tsakar gida ina kururuwa ubana na? Shi ya sani, Allah ya sani."

Na so in girgiza shi. Haƙurin wasu mutane yana sa ka ji kamar kai ne azzalumin da kake tsaye kana kallo.

Sai a lokacin na yi tunanin abin da ban taɓa tunani ba. Ba mu da gona a Gangara. Ba mu da dangi a can, ba mu taɓa zuwa biki ko gaisuwar mutuwa ba. Amma sunan yana kan takarduna, yana jikin motar Abba, yara a makaranta Malama Gangara suke ce mini. Na tambayi Abba, ya ce Kaka ya canza ne don kada a riƙa ce masa baƙo. Na tambayi Baffa, ya ce akwai wani ɓarawon shanu mai irin sunan, shi ya sa. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowa da nasa labarin, kuma kowa sai ya kau da kai yake ba da shi.

Da damina ta kama, Baffa ya ce fetur yana raguwa a jarka. Bai ce tsohon ne ya ɗiba ba, ya dai ce dole a riƙa kulle zaure, kuma ba a kulle mutum a ciki, haƙƙi ne. Saboda tsoron haƙƙi aka mayar da shi rumfar bayan gida, kusa da turken awaki. Rumfar kara ce da aka yafa wa leda. In ruwa ya sauko yakan naɗe tabarma ya hau kan akwatinsa ya zauna har a ɗauke. Ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya daina shiga. Abba ya saya masa maganin tari a kemis sau ɗaya, ya yi mako yana ba da labari a majalisa.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san Kaka tun yana yaro, ƙanwarsa Salmatu, wadda su Abba suke kira Gwaggo. Tana Ɗan Isa, ƙetaren boda, a gidan mijin 'yarta, ta makance. Na ce wa Abba zan je gaishe ta. Ya ce to, har ya ba ni sabulu in kai mata.

Na same ta a bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa da lalube. Da ta ji muryata ta ce, "Wace ta? A'a, kishiyata ta. Kin zo ki gani ko na mutu ki gaji zannuwana?"

"Wa zai ɗaura waɗannan tsummokaran, tsohuwa? Sabulu na kawo ki wanke su."

Muka yi dariya, ta laluba fuskata ta ce na rame, ba mai aurena. Sai na kunna naɗin murya a wayata na ajiye kusa da ita, na ce, "Kaka, me ya kai mu Gangara?"

Ta yi dariya har ta yi tari. "Gangara? Kalilu ko ruwan Gangara bai taɓa sha ba."

"To ina sunan ya fito?"

"Ubanmu Yahaya sunanshi. Ya rasu, ba a yi shekara ba matar Kalilu ta hwari ta haihu, namiji. Anka mai da suna, anka sa ma jinjiri Yahaya. Sa'an nan Kalilu na dako tashar Jibiya, kowa Kalilu Yahaya shika ce mashi, don akwai wasu Kalilu. Ya koma bayan suna, anka kwaɗa mashi kira tsakar tasha, sai ya duƙar da kai kamar an zage shi. Ke ba ki san kunyar ɗan hwari ba? Ku yanzu ba ku da ita."

Gaskiyarta. Ni ce 'yar fari a wurin Abba, kuma tun daga bakin titi yake kwaɗa sunana. Na san al'adar, amma a wurin iyaye mata na san ta, ban taɓa zaton namiji zai riƙe ta haka ba.

"Kalilu ya hi mata kunya," in ji ta. "Rannan sarkin tasha ya tara 'yan dako, kowa shi tashi shi hwaɗi sunanshi da na ubanshi. Anka zo kan Kalilu. Ya ce Kalilu. Anka ce Kalilu wa? Shiru. Sunan uba ya zama sunan ɗa, baki ya ƙi buɗuwa. Ya tsaya zuhwa na zuba, mutane na dariya. Can gehe ɗan kamasho na kiran hwasinja, Gangara, Gangara, saura mutum guda. Sai ya ce, Kalilu Gangara. Shi ke nan. Da ɗan kamashon ga Ƙaura shika kira, da yanzu ku 'yan Ƙaura na."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ta ce uwar yaron ta rasu bayan yaye, aka kai shi Madarumfa wurin kakarsa, yadda ake yi wa na fari. Duk Salla Kalilu sai ya aiko da riga ya ce a ba wancan. Da yaron ya zama mutum ya aika aka kawo shi, ya ba shi ɗakin ƙofa. "Wa aka ba bakin gida in ba babban ɗa ba? In ya zo nan gaishe ni, sai shi yi ta zagaye-zagaye, can shi ce, na ƙohwa na lahiya. Ni na san abin da ya kawo shi ke nan. Duk ɗiyanshi ba wanda shika so kamar Yahaya. Yana lahiya ko?"

Na ce yana lafiya. Ban iya gaya wa makauniya maganar turken awaki ba.

A mota ina dawowa na yi kuka, kuma ba tausayi kaɗai ya sa ni ba, har da haushin kakana Malam Kalilu. Ya so ɗansa har ya yar da sunan ubansa saboda shi, amma bai bar masa kalma ɗaya da zai riƙe ba. Duk da haka zuciyata ta yi sanyi, don ina ganin na samo abin da zai mayar da tsohon ɗakinsa. Wautata ke nan.

Bayan la'asar na sami Abba da Baffa tare, na kunna musu. Muryar Gwaggo ta cika falo. Abba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baffa kuwa yana ta danna wayarsa, har aka zo wurin ɗan kamasho ya yi dariya.

"Tsuhwa ya kama Gwaggo," in ji shi. "Bara ta ce mani mijinta da ya mutu ya zo ya sha hura."

"Baffa, ai ba ta rikice ba. Har sarkin tasha ta tuna."

"Ko ma ba ta rikice ba, mace guda, makauniya, a wata ƙasa. Wa zai saurare ta?" Sai na ga fuskarsa ta washe. "Amma kin yi aikin lada, Nafisa. Mu da muke ta tunanin ina danginshi suke. Tunda Gwaggo ta ce nata ne, ai ya samu dangi. Mutum in ya tsuhwa, cikin 'yan uwanshi ya kamata shi ƙarasa."

Na dubi Abba. Bai ɗago ba.

Da Baffa ya fita na ce, "Abba, ka ji fa abin da ta ce."

"Na ji." Ya ajiye carbin. "Kina tsammanin yau na fara sani? Ranar da Baba zai cika ya riƙe hannuna ya ce, ku riƙe mani na ƙofa. Na ƙofa ya ce, bai ce yayanku ba. Ni abin da anka faɗa na ji. Kuma mun riƙe shi, tuwon wa yake ci? In aka ce ɗa ne, sai an raba gidan nan. Kina so a ja bango tsakar gida, ƙannenki su koma haya? Shi ba mata ba ɗa, mi zai yi da rabo?"

"Ɗaki ɗaya kawai yake so, Abba."

"An riga an fasa."

Na ce zan kai magana wurin limamin unguwa. Ya dube ni ya ce in na kai ubana ƙara waje, in nemi wani uban. Ummana tana bayan labule tana yi mini alama da hannu in yi shiru. Na yi shiru.

Ranar kasuwa aka sa za a kai tsohon Ɗan Isa, wurin Gwaggo. Baffa ya ɗinka masa sabuwar riga, ya ce kada a ce an kore shi tsirara. Na je rumfa na same shi ya riga ya ɗaure tabarma.

"Baba, ni na jawo maka. Da ban je ba."

"A'a. Da ba ki tahi ba, da wani dalili sunka samu." Ya ɗaga kai. "An ce kin ɗauko muryar Gwaggo. Sa mani in ji."

Na kunna. Ya kasa kunne, bai motsa ba har aka zo inda ake cewa Kalilu wa. Nan ya sa hannu ya rufe fuska. Ashe shi ma bai taɓa sanin dalilin ba. Ya ce tun yana saurayi yake zaton uban ya canza suna ne don kada a haɗa shi da ɗan dako daga Madarumfa. Ya sa na maimaita masa wurin, na sake maimaitawa, har direba ya yi hon a waje.

Ni na raka shi, ba wanda ya hana ni kuma ba wanda ya biyo mu. A Magama 'yan dako suka gan shi a mota suka ɗago hannu, wasu suna tambaya ko asibiti za shi. Wani jami'i ya leƙo ta taga ya tambayi sunansa.

"Yahaya Kalilu."

"Ke fa?"

"Nafisa Nasiru Gangara."

"Mene ne haɗinku?"

"Yayan babana ne," na ce. "Uba ɗaya."

Jami'in ya ɗaga wa direba hannu mu wuce, hankalinsa yana kan motar bayanmu. Karo na farko ke nan da wani daga gidanmu ya faɗi maganar a fili, kuma ga wanda ko a jikinsa.

Surukin Gwaggo ya karɓe mu da fuska a ɗaure, don shi ma gidansa cike yake. Aka ba tsohon gefen zaure. Gwaggo ta laluba ƙafafunsa da suka kumbura, ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Ke kin ce yana lahiya." Ranar ba ta tsokane ni ba.

Bai kai lokacin kaka ba ya rasu. Ya'u direba ne ya kawo labari, an riga an binne. Abba ya ce Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, ya daɗe tare da mu. Ba a shimfiɗa tabarmar gaisuwa a ƙofar gida ba, tunda ba ɗan gida ne ya mutu ba.

Muryar tana nan a wayata, ban goge ba, kuma ba wanda ya ƙara neman ji. Gwaggo ma ta bi shi bayan Salla. Wani lokaci ina cikin aji yara su ce Malama Gangara, sai in ji sunan ya yi mini nauyi. Na yi tunanin in cire shi, in mayar da Yahaya, amma wa zan burge? Wanda zai ji daɗi yana ƙasa a Ɗan Isa.

Shagon ya buɗe, ana sayar da shinkafa da man gyaɗa, kuma ana ciniki. Baffa ya kira mai fenti ya rubuta allo babba da jan fenti, aka kafa a saman ƙofar: Gangara da 'Ya'yansa. Kakana ya ɗauki sunan nan ne a tasha saboda ɗa ɗaya, kuma ɗan nan kaɗai ne ba ya cikin 'ya'yan da allon yake nufi. A saman ɗakinsa aka kafa shi. Ta ƙarƙashinsa nake wucewa kullum in zan tafi makaranta.